Kududdufan Kawu Garba a Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi ban samu na zauna a bakin kogi na gyara taru cikin natsuwa ba. Wannan ya zo ya ce, "Hamidu, wai da gaske ne a can mutum yake ba kifi abinci kamar kaza?" Wancan ya ce in ba shi labarin jirgin da ke ɗaukar mota. Na maimaita har bakina ya gaji, kuma duk lokacin da na ba da labarin akwai wurin da nake tsallakewa. Yau na ɗauki alƙalami da ɗan bokon da na yi zan rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewar. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Mu Sarkawa ne na Gaya ta bakin kogi, sana'ar su muka gada kaka da kakanni. Kawu Garba, yayan mahaifiyata, shi kaɗai ya ajiye taru ya bi fataken goro zuwa Kumasi tun ban fi shekara uku ba, kuma bai sake leƙo gida ba. A danginmu in an tuna shi sai a ce, "Wanda ya bar ruwa ya bi goro," a yi dariya. Inna ba ta taɓa taya su dariyar ba. A daminar bara, ta 1969, cutar yana ta fara rufe mata ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sawu. Wata safiya ta kira ni ta ce, "Hamidu, ka je ka zo mini da Yaya tun ina iya ganinsa. Kada ka biye masa, yana da daɗin baki." Ta ba ni ƙullin daddawa da ɗan tulun man shanu in kai masa, na kama hanya.

Na ƙetare gada zuwa Malanbil, na hau wata babbar mota mai bodin katako da ta ɗauko albasa. Mu fasinja a saman buhuna muke, wanda ya yi gyangyaɗi ya kuka da kansa. Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar kasuwar goro, ana ce mata Hajiya Ta-Salga, wadda ta san kowane rami na hanyar da sunansa. Tun kafin mu kai Kandi ta gama sanin tarihina. Bayan Jugu motar ta faɗa wani ramin, tulun Inna ya bugi katako ya tsage, man ya narke ya bi albasar mutane ya bi zanen Hajiya. Na shiga ba da haƙuri kamar zan yi kuka. Ta dubi zanen ta ce, "Bar shi, ɗana. Saura gishiri da tukunya mu yi miya." Daga nan har muka rabu, Mai-man-shanu take kirana.

Mun ratsa ƙasar Togo muka iso iyakar Gana da hantsi. Wani ma'aikaci mai gajeren wando ya karɓi takardar allurata ya jujjuya ta, ya buɗe ƙullin daddawa ya shinshina, ya yi sauri ya ɗaure ya miƙo mini abina. Da muka tashi sai na ga direba ya koma hannun hagu yana ta gudu. Na fara salati da ƙarfi, na ɗauka barci ya kwashe shi. Hajiya ta kama cikinta don dariya, ta ce a ƙasar Ingilishi haka ake tuƙi, in saki jikina. Ban saki ba har Yandi.

Muka kwana Tamale, muka wuce Salga inda Hajiya ta sauka ta bar ni da kewa. A Yeji ne na ga ruwan da ko ni ɗan Basarke ban taɓa ganin irinsa ba. Tafki ne da aka tare, ya cinye daji da ƙauyuka, busassun itatuwa na tsaye a cikinsa har iyakar gani. Motarmu da wasu uku suka hau jirgi guda, ya ɗauke mu duka ya tsallaka. Daga nan sai ƙasa ta fara rufewa da kurmi, har muka shiga Kumasi ana ruwa.

A Zango na yi ta tambayar Garba Basarke, ba wanda ya sani. Sai da na ce mutumin Gaya, wani tela ya ɗaga kai ya ce, "Au, Baba Mai-kifi kake nema," ya nuna mini lungu. Gida ne mai ɗaki kusan ashirin, famfo ɗaya a tsakiya, ga Zabarmawa, ga Mosawa, ga Dagwamba, ga Yarbawa, kowa da tukunyarsa a ƙofar ɗaki, kuma duk da Hausa suke faɗa da shiri. Matar Kawu, Mma Adiza, Badagwamba ce, doguwa mai murya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Akwaba, ɗana, sannu da hanya. Mamanka yana lafiya? Idonsa fa?" Haka Hausarsu take, mace da namiji duk ɗaya, kuma cikin mako guda na ji bakina ya fara karkata can.

Ta kawo mini fufu, wato rogo da ayaba da aka kirɓa, yana iyo cikin miyar ja. Na gutsura na shiga tauna. Matan gidan suka taru suna kallona. Mma Adiza ta ce, "Ba a tauna shi koraa, ko kaɗan, haɗiye kawai." Na haɗiye, ya tsaya mini a maƙogwaro, idona ya kawo ruwa, gida ya ɗauki shewa. Yau kuwa in na tuna fufun nan da wake da shinkafarta na safe, wanda ake zubawa a ganye, sai in ji tuwon geronmu ya fita raina, Allah Ya yafe mini.

Kawu ya dawo da la'asar, gajere, kakkaura, ƙafafunsa duk laka. Ya dube ni ya ce, "Hancin ƙanwata Hajo ne wannan," ya rungume ni. Na isar da saƙon Inna ban rage komai ba. Da na gama ya ce, "Gobe ka raka ni gona, ka ga abin da ya riƙe ni."

Da safe muka hau toroto, ƙaramar motar haya, muka wuce Sofoline muka bi hanyar Sunyani, muka sauka muka shiga daji da ƙafa. Gonar ta wata tsohuwa ce Ba'asanta, Maame Afuwa, mai itatuwan koko. A gangaren gonar, kusa da wani rafi, ta ba Kawu wuri ya haƙa kududdufi biyu da hannunsa, a kan in an kama kifi a raba biyu. Kowanne bai fi filin tsakar gidanmu ba. Ya jawo ruwa daga wani marmaro da bututun gora. Ɗaya na tarwaɗa ne, waɗanda wani direba ya kawo masa 'ya'yansu daga Yeji cikin garwa. Ɗayan na karfasa ne, ƙanana, bai daɗe da zuba su ba.

Ya tsaya a baki ya buga ƙwarya sau uku, ya watsa dusa. Ruwan ya tafasa da kawuna. Ni da na tashi ina bin kifi da jirgi tun asuba, wani lokaci in dawo da kwando wayam, ga kifi yana zuwa da kansa don an buga masa ƙwarya. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Kawu bai ji haushi ba. Ya ce, "Yi dariyarka. Shekara ashirin da biyu na yi dako, na yi gadi, na yi ɗaurin goro, ban tara abin da zan nuna ba. Na san abin da ake ce mini a gida. Ba zan shiga Gaya hannu rabbana ba, Hamidu. Tarwaɗan nan saura mako shida su isa. Mu kama, mu yi banda, in ajiye kwando a gaban dangi in ce ga kifina, ban bar ruwa ba. Ran nan za mu hau mota." Na tuna kashedin Inna game da daɗin bakinsa, amma na ga mako shida ba wani abu ba ne, na yarda.

Kwanakin nan ban taɓa yin masu daɗinsu ba. Mu fito bayan asuba, mu sha koko da ƙosai a bakin tasha, mu isa gona rana na fitowa. In yanko ganyen rogo da na gwaza in daddatsa, in fasa gidan gara in kawo wa tarwaɗa, in kwaso kashin kajin Maame a zuba don ruwan ya yi kore, wai koren nan shi ne tuwon karfasa. Kawu ya koya mini duba ruwa da hannu. In ka tsoma har gwiwar hannu ba ka ga tafinka ba, ya ƙoshi, kada ka ƙara. Da rana Maame ta kawo dafaffiyar ayaba da miyar ganye, su zauna ita da Kawu suna hira da Asantanci suna ƙyaƙyatawa, ni ina cin nawa ina gyaɗa kai kamar ina ji. Ranar Juma'a mu sa fararen kaya mu tafi masallaci, a dawo a zauna shagon telan nan ana musun ƙwallo. Sai in kwana biyu ban tuna idon Inna ba, kuma wannan ma yana cikin abin da nake tsallakewa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, rafin nan na gefen gona. Cike yake da tarwaɗa, baƙaƙe, masu kai kamar tafin hannu, suna kwance a ruwa marar zurfi ba sa ko gudun mutum. Ban taɓa ganin kowa da ƙugiya a wurin ba. A raina na ce mutanen kurmi manoma ne, ba su san su ba, dukiya na kwance a ƙofarsu suna cin busasshen kifin kasuwa. Ban tambayi Kawu ba, don ɗan Basarke ba ya tambayar kowa izinin kogi. A wurinmu ruwa na Allah ne, abin da ke ciki na wanda ya iya kamawa ne.

Wata Talata, saura mako biyu a kama kifi, Kawu ya tsaya kai Mma Adiza wurin mai magani, ya ce in riga shi. Ranar Talata ba mai zuwa rafin, na lura da haka, na ɗauka ranar hutunsu ce. Na ɗauki komar Kawu na shiga. Ban taɓa su mai sauƙi irin wannan ba, har kunya ta kama ni. Na cika garwa na juye a kududdufin tarwaɗa, na koma, sau huɗu. Lissafina shi ne kwandon Kawu ya yi nauyi, ya shiga Gaya da ƙafar dama.

Da rana muna zaune mu uku muna cin ayaba, na kasa riƙe abin alfaharina. Na ce, "Kawu, yau na ƙara maka jari," na ba shi labari. Hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Ya ce, "Daga wane rafin?" Na nuna. Ya rufe ido ya yi salati a hankali.

Maame ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Da Kawu ya yi shiru, da har yau ba wanda ya sani. Na ga ya dube ta, ya dubi kududdufin, ya wanke hannunsa, ya gyara zama ya gaya mata komai da harshenta. Tsohuwar ta ɗora hannu biyu a ka, ta tashi ta nufi ƙauye ba ta ko ɗauki kwanonta ba.

Sannan ya yi mini bayani. A wurin mutanen ƙauyen, tarwaɗan rafin 'ya'yan rafin ne. Ba a kama su, ba a cin su, in ɗaya ya mutu ma binne shi suke yi. Talata kuwa ranar rafin ce, shi ya sa ba a zuwa. Na ce, "Kawu, ai wannan camfi ne, mu Musulmi ne." Ya ce, "Ba addininmu ba ne, amma ƙasarsu ce. Matar nan ta ba ni wuri ba ta tambaye ni takarda ba. Da wane ido zan ci amanarta?"

Washegari dattawan ƙauye suka zo, su biyar, da mayafansu a kafaɗa. Ba wanda ya ɗaga murya. Na roƙi Kawu ya gaya musu ni masunci ne, zan iya ware na rafi daga na kududdufi, sun fi baƙi, sun fi girma. Babbansu ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya, in na yi kuskuren guda ɗaya wani ya ci fa? Hukuncinsu shi ne duk tarwaɗan da ke kududdufin su koma rafi, da na Kawu da waɗanda na kamo, a kuma kawo tunkiya ta ban haƙuri. Kawu ya ce ya ji ya yarda.

Da hannunsa ya fasa bakin kududdufin ya yi wa ruwan hanya. Muka tsaya muna kallon wahalar wata bakwai tana bin laka tana gangarawa, wasu har suna tsayawa a ƙafarsa. Na ce ya zage ni ko ya mare ni in ji sanyi. Ya ce, "Alheri ka nufa. Laifina ne da ban gaya maka ba." Sai ya nuna ɗaya kududdufin ya ce karfasa za su isa bayan ƙaramar salla, mu jira su. Na buɗe baki in ce idon Inna ba zai jira ba, na tuna wanda ya jawo, na rufe bakina. Na aika wasiƙa gida cewa muna nan tafe.

Karfasan ma ba mu ga girmansu ba. Azumi ya kama da 'yan kwanaki, muna shagon tela, rediyo ya faɗi cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama an ba shi mako biyu ya bar ƙasar. Da farko dariya aka yi, don wasu a Zangon aka haifi iyayensu. Kafin kwana uku dariya ta ƙare. Mutane suka fito da gadaje da kekunan ɗinki bakin titi suna neman mai saye. Gidanmu mai ɗaki ashirin ya koma ana jin ɗigar famfo. Mma Adiza 'yar ƙasa ce, dokar ba ta shafe ta ba, aka shirya ta zauna ta riƙe ɗakin har abu ya lafa. Ta ce mini, "Ka gaida mamanka, ka ce ya yafe mini, ni na riƙe wansa."

Muka je gona muka zubar da ruwan karfasa, muka kwashe su, ba wanda ya kai tsawon yatsu huɗu. Kwana biyu muna banda da azumi a bakinmu. Maame ta ce Kawu ya zauna a bukkar cikin gonar koko, ba mai zuwa nemansa, in an zo ta ce ɗanta ne. Ya yi mata godiya ya ce ƙanwarsa na jira. Da ya raba kifin biyu ta tura nata cikin namu, ta juya baya tana share ido da gefen zane. Ni ma ta dafa kaina, ni da na jawo mata magana a ƙauyensu.

Dawowar ba ta da daɗin faɗi. Mota ta cika har kan direba, ga tsofaffi ga masu jego. Muka bi ta Bolga, muka yi kwana huɗu a bakin iyaka muna jiran a buɗe, muna buɗa baki da garin rogo da ruwa. Mutane na jin yunwa, Kawu ya kwance kwandon ya rarraba, sai ɗan abin da ya rage a ƙasa. Muka ratsa ƙasar Mosawa zuwa Yamai, muka biyo ta Doso, muka sauka Gaya ana jajiberin salla. Tun daga tasha yake tafiya a bayana kamar baƙo, yana tambayata gidan wane ne wannan.

Inna na zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma. Na yi sallama. Ta amsa da murna, ta juya fuskarta wajen rumbu, inda ba kowa. Ƙanwata Ladi ta matso ta raɗa mini cewa har aka gama yankan gero tana gane mutum in ya zo kusa, kullum tana sa a zaunar da ita tana fuskantar ƙofa. Na ƙirga a raina. Lokacin ne da za mu iso da tarwaɗa.

Kawu ya durƙusa a gabanta ya ce, "Hajo, ni ne." Ta miƙa hannu ta sami fuskarsa, ta shafa goshi, ta shafa gemu, ta daɗe a haka. Ta ce, "Hamidu, ya yi furfura?" Na ce ya yi, gemun duk fari ne. Ta ce, "Da wa ya yi kama yanzu?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Haka ne, ba ka san Baba ba. Ni kaɗai ce zan iya faɗa."

Can ta ce, "Yaya, me ya tsare ku haka? Na jira."

Ina tsaye a bayansa, kalma ɗaya ta isa in faɗi gaskiya. Kawu ya riga ni. Ya ce, "Ni ne, Hajo. Yaron nan kullum sai ya ce mu tafi, ni na yi ta ja masa rai. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na sani. Ai na gaya masa halinka."

Ladi ce mai karatu a gidanmu. Na ce mata in na gama rubutun nan, kafin kowa a bakin kogi ya ji, ta zauna kusa da Inna ta karanta mata shi, kada ta tsallake ko layi ɗaya.